Ranar da Na Kira Inna a Ɗakin Gwaji

Aikina a Doha zama ne. In an tambaye ni a gida Zariya nakan ce a tashar wutar lantarki da tace ruwan teku nake aiki, sai mutane su ɗauka ƙarafa nake hawa da sifana a hannu. Gaskiyar magana kujera nake hawa, a wani ɗaki marar taga can bayan gari, in zuba ido a kan allunan kwamfuta da suka kusa cika bango. Ɗakin kula da injuna ke nan, mu ma'aikata kantirol muke ce masa. Daga nan muke ganin zafin kowane inji, da ƙarfin kowane famfo, da yawan wutar da gari ke ja. Galibin lokaci babu abin da ke faruwa. Mutum ya sha shayi, ya duba allo, ya amsa waya. Amma kowa a ɗakin ya san in abu ya lalace da tsakar rana a watannin zafi, akwai asibitoci da gidaje da za su rasa sanyi da ruwa, a garin da ba a iya zaman ɗaki in na'urar sanyi ta mutu.

Na yi shekaru a wannan kujera ba a taɓa kama ni da kuskure ba, kuma ina ji da kaina a kan haka. A unguwar Mesaimeer muke zaune da matata da yaranmu. Ranar Juma'a in ba na duti, bayan la'asar nakan gangara kasuwar Souq Waqif, inda Hausawa ke haɗuwa a gefen wani mai shayi: direbobi, masu gadi, da 'yan Zangon Gana masu aiki a shaguna. Ba sa kiran sunana, Injiniya suke ce mini. In na iso wani ya tashi ya ba ni kujera. In gardama ta yi zafi, ko ta ƙwallo ce, a ce a tambayi Injiniya. Ina nuna kamar abin bai dame ni ba, amma a raina ina jin daɗinsa ƙwarai.

Ban san ranar da matsalar ta fara ba. Na dai lura barci ya daina zuwa in na sauka daga duti, sai in kwanta ina jin ƙararrawar kantirol a kunnena alhali gidan shiru. Daga baya ko injin wanki ne ya gama ya yi ɗan kukansa, sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. Wata safiya 'yar autarmu ta bar ƙofar firji a buɗe, ya fara ƙara, na daka mata tsawar da ta sa ta saki kofin da ke hannunta. Matata ta leƙo daga kicin, ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta jira sai da yara suka tafi makaranta.

"Baban yara, lafiyarka kuwa?"

"Gajiya ce kawai."

"Gajiyar nan ta daɗe fa."

"To me kike so in ce miki? Aiki ne."

Ta ɗauko tsintsiya ta share fasasshen kofin, maganar ta mutu a nan.

Ana cikin haka kamfani ya kawo mana mai horarwa. Wani dattijon Bature ne mai farin gashi da ɗan ɗingishi, wanda ya ƙare rayuwar aikinsa a ɗakin kula da injuna na tashar nukiliya a ƙasarsu. Mu a Qatar ba mu da irin wannan tasha, tamu da iskar gas take aiki. Amma manyanmu suka ce mutanen nukiliya sun fi kowa sanin yadda ma'aikaci zai riƙe hankalinsa a lokacin tashin hankali, domin kuskurensu ba gari ɗaya yake shafa ba. Aka ce ya zo ya koya mana.

Ranar farko bai yi maganar inji ko ɗaya ba. Maganar mutum ya yi ta yi. Ya ce a ɗakinsu, in shugaba ya ba da umarni, wanda aka ba sai ya maimaita shi da bakinsa, shugaba kuma ya tabbatar masa haka ne, kafin hannu ya taɓa komai. Ya ce mutum yakan ɗora yatsa a kan maɓalli ya karanta sunansa a fili kafin ya danna, ko da ya shekara ashirin yana danna shi. Ya ce in abu ya rikice, shugaban duti ba ya taɓa komai, baya yake ja ya harɗe hannu, don a sami mutum ɗaya da ke ganin ɗakin gaba ɗaya. Sannan ya faɗi abin da ya ba mu dariya. Ya ce a wurinsu ba laifi ba ne ma'aikaci ya buɗe baki ya ce kansa ya cika, a karɓi wani ɓangare na aikin. Laifin shi ne ya yi shiru.

Abokin zamana a tebur wani Basudane ne dogo, mai sanyin hali, ya ɗan girme ni. Mun yi shekaru kafaɗa da kafaɗa, muna magana da Turanci da ɗan Larabcin da na tsinta. Ina da wata ɗabi'a ta yin gunaguni da Hausa in abu ya ishe ni, tunda na san babu mai ji. Ranar ma na yi. Na sunkuyar da kai na ce, "Wannan tsoho ya mai da mu 'yan firamare." Basudanen bai ko juyo ba.

Akwai wani ɗaki a tashar da muke kira ɗakin gwaji. An gina shi daidai da kantirol, allo da allo, maɓalli da maɓalli, sai dai ba a haɗa shi da inji ko ɗaya ba. Mai horarwa yana zama a bayan gilashi ya riƙa turo matsalolin ƙarya, a ga yadda za ku yi. Akwai kyamara a kusurwa da ke ɗaukar hoto da murya. Kowa ya san wasa ne. Ni ma na sani.

Ranar da aka zo kan rukuninmu da hantsi ne. Muka zauna, ni da Basudane a gaba, shugaban dutinmu a baya. Da farko famfo ɗaya ya tsaya, na tayar da na ajiya, ba wata wahala. Sai zafin wani inji ya fara hawa. Ina kan duba shi waya ta yi ƙara. Kafin in ɗauka, ƙararrawa ta tashi a ɓangaren ruwa, sannan wata, sannan wata, har allon da ke gabana ya zama ja yana ƙyafta ido. Shugaban duti ya ba ni umarni. Na ji muryarsa sarai, na ji kowace kalma, amma suka ƙi haɗuwa su zama magana a kaina. Na miƙa hannu zan danna wani abu, sai na rasa wanne ne. Na dubi allon da na shekara da shekaru ina karantawa, ya koma mini kamar rubutun wata ƙasa. Ƙirjina ya matse. Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne shiru. An kashe ƙararrawar, dattijon yana tsaye a gefena da kofin ruwa, rigata ta jiƙe sharkaf a ɗakin da sanyinsa ke sa mutum sa rigar sanyi.

Ƙa'ida ce bayan kowane gwaji a zauna a kalli bidiyon tare. Da an bar ni da na roƙi a tsallake wannan. Muka shiga ɗakin taro, mu uku da dattijon da manajan sashenmu. Aka kunna. Na ga wani mutum mai tumbi da furfura a gemu, ya dafe tebur da hannu biyu, yana girgiza kai. Sannan na ji muryata, siririya, irin wadda ban taɓa sanin ina da ita ba, tana cewa da Hausa:

"Wayyo Inna. Inna, na shiga uku. Ban iya ba, wallahi ban iya ba."

Ba sau ɗaya na faɗa ba. Na yi ta maimaitawa kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Inna kuwa ta daɗe da rasuwa, ni da kaina na sa ta a kabari.

Dattijon ya tsayar da bidiyon. Ya tambaye ni cikin ladabi me nake cewa, wai yana da amfani a san abin da ke zuwa bakin mutum a irin wannan lokaci. Na dubi tebur na ce addu'a ce. Ya gyaɗa kai, manaja ya gyaɗa kai, shugaban duti ya ce masha Allah. Ni kuwa na ji kunya ta ninku, ga ta rushewa a gaban mutane, ga ta fakewa da addu'ar da ban yi ba. A lokacin da ya kamata in kira Allah, uwata na kira.

Manaja ya riƙe ni bayan kowa ya fita. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce za a ɗauke ni daga tebur na ɗan lokaci, in koma aikin ofis na rana, in riƙa ganin wata likita da kamfani ke tura ma'aikata wurinta, in kuma ci gaba da zama da dattijon. Ya ce ba hukunci ba ne. Ya maimaita wannan har na gane shi ma bai san inda zai sa idonsa ba.

Na fito wurin ajiye motoci, rana ta take, kwalta na tururi. Ina lalube a aljihu ina neman makulli sai na ji murya a bayana.

"Sannu, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan Inna, in ta riga mu."

Da Hausa. Wata irin Hausa mai nauyin harshe, irin ta tsofaffi. Na juya, Basudane ne tsaye da jakarsa a kafaɗa.

Da ƙyar na ce, "Kana jin Hausa?"

"Ina ji. Faɗa ce ke ba ni wuya." Ya ce kakarsa ta wajen uwa Bahaushiya ce, tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Haɗeja za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, ba su ƙara gaba ba. A ɗakinta ya tashi.

Nan take duk gunagunin da na yi shekara da shekaru a gefensa ya dawo mini. Zagin manaja, ƙorafin albashi, da sunan da na raɗa masa shi kansa saboda tsawonsa da tafiyarsa a hankali. Kamar ya karanta fuskata, ya yi murmushi.

"Raƙumi kam na sha jin shi."

"Don Allah ka yafe mini."

"Ba komai. Wani lokaci har dariya nake dannewa."

"To me ya hana ka gaya mini tun farko?"

Ya gyara jakarsa, ya dubi can nesa. "A inda na tashi, ba kowa ke son a san daga ina kakarsa ta fito ba. Yara sukan yi wa mutum waƙa. Na saba da rufe baki, har na girma ban daina ba." Ya buɗe motarsa. "Abin da na ji a ɗakin nan ba zai fita daga bakina ba. Yalla, je ka gida ka huta."

A gida na ce an canza mana tsarin aiki, na koma na rana. Yara suka yi murna. Matata ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta bi ni da ido.

Asibitin likitar yana unguwar Al Mirqab, a wani bene mai shaguna a ƙasa. A bakin lifta an jera sunayen abin da ke kowane hawa: likitan haƙori a ƙasa-ƙasa, likitan ido, sannan can sama likitar ƙwaƙwalwa da damuwa. Ranar farko ina shiga na ji an ce, "A'a, Injiniya! Yau kai ne a wurinmu?" Mai gadin ginin ɗan majalisarmu ta Juma'a ne, wani Bakano mai fara'a, cikin kakinsa. Muka gaisa. Ya raka ni har bakin lifta, ya danna mini, ya tsaya riƙe da ƙofa.

"Wane hawa, ranka ya daɗe?"

Na dubi jerin sunayen na ce, "Haƙori ne ke damuna."

Ya danna mini hawan likitan haƙori, ya yi mini sannu. Na fita a can, na tsaya kamar mai neman wani abu har ƙofar ta rufe, sannan na bi matakala na hau sauran a ƙafa. Na isa gaban likitar ina haki. Haka na riƙa yi duk zuwan da na yi a wancan lokaci.

Likitar Balarabiya ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ce abin da ya same ni ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, jiki ne da ya daɗe a ɗaure yana jiran masifa har ya manta yadda ake kwancewa. Ta koya mini yadda zan ja numfashi in sake shi a hankali in na ji abin yana tasowa. Ta sa na rage shayin karak, mai kaurin nan da madara, da nake ɗurawa a duti, ta tsara mini lokacin barci, ta ce in riƙa tafiya a ƙafa in rana ta yi sanyi. Duk na yi. Abu ɗaya ta ce na kasa: in gaya wa wani a gida.

Juma'ar da ta biyo, a majalisa, mai gadin nan ya matso kusa da ni ya ciro wata 'yar leda daga aljihu.

"Injiniya, ga kanumfari na sayo maka nan cikin kasuwa. Ka danna shi a kan haƙorin, ya fi maganin Turawan nan."

Sai majalisa ta ɗauka. Wani direba ya ce ruwan gishiri mai ɗumi, wani ɗan Zango ya ce shi a Kumasi cire nasa aka yi ya huta. Kowa yana yi mini sannu da zuciya ɗaya, ni kuwa ina dafe da kumatu ina amsawa. Ban taɓa jin na ƙanƙance kamar ranar ba. Waɗannan mutane suna tsayuwa a rana tun safe, wasunsu shekara biyu ba su ga iyalinsu ba, ga ni mai zama a sanyi na kasa, har ina yi musu ƙarya suna tausaya mini.

Kanumfarin ne ya tona ni. Matata ta same shi a aljihun rigata za ta yi wanki. Da hantsin Asabar ne, yara suna islamiyya, tana kicin tana soya waina. Ta kira ni, ta ajiye ledar a kan kanta.

"Matar direban nan ta bugo tana yi mini sannu da jikin maigida, wai haƙori. Jiya kuwa a gabana ka tauna ƙashin kaza. Baban yara, wane haƙori?"

Na dubi ledar kanumfarin.

Ta rage wuta, ta juyo gaba ɗaya. "Ka rame. Ba ka barci. Kana zuwa asibiti a ɓoye. Ni na riga na gama tunanina, na ce wata muguwar cuta aka gano maka kana ɓoye mini. Kullum in na yi salla sai na yi kuka. In mutuwa za ka yi, ka gaya mini in sani."

Sai na gaya mata. Na jingina da firji na faɗi komai, tun daga ƙararrawa har bidiyo, ban iya duban fuskarta ba. Har abin da na faɗa a ɗakin gwaji na gaya mata. Kafin in gama wainar da ke tanda ta fara ƙonewa.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan kamar yaya? A gaban mutane fa."

"Alhamdu lillahi." Ta share ido da bakin mayafi. "Inna kam da tana da rai da ta amsa maka. Wa kake so ka kira dā?"

Na ɗauka faɗar za ta sauke mini nauyi, ta kuwa sauke wani. Amma ta kawo wani sabo. Matata ta shiga lallaɓa ni kamar ƙwai. In yara suka yi hayaniya ta ce, "Ku yi a hankali, Babanku na hutawa." Ta kashe ƙarar injin wanki, ta daina aikena kasuwa. Ni da nake shigowa gida a miƙe, na zama wanda ake takawa a hankali saboda shi. Sai da na roƙe ta ta bari, ta ce to, amma ba ta bari duka ba.

Zamana da dattijon a ɗakin gwaji muke yi, mu biyu, wani lokaci da Basudane. Rana ɗaya ya kashe allunan duka ya jawo kujera. Ya ce lokacin da yake da ƙuruciya a tasharsu, an taɓa samun matsala ta gaske a dutinsa. Suka shawo kanta, ba abin da ya fita, babu wanda ya ji a gari. Da aka gama ya shiga banɗaki ya yi ta amai, ya fito ya wanke fuska ya koma kujerarsa, bai gaya wa kowa ba. Ya ce ya yi shekaru yana zuwa aiki da tsoro a cikinsa, yana huce wa iyalinsa, har matarsa ta kwashe yara ta tafi.

"Mu a can," in ji shi, "ba mai ihu muke tsoro ba. Mai ihu mun san halin da yake ciki, sai a janye shi. Wanda ya yi tsit yana danna abubuwa, shi ne ke hana mu barci."

Ya ce in faɗi kalmomin nan da ya koya mana ranar farko, in ce kaina ya cika, a karɓi ɓangaren ruwa. Ɗakin babu kowa sai mu, allunan a kashe, amma na kasa. Na yi dariya, na yi tari, na ce ai na gane, ba sai na faɗa ba. Ya ce bakin da bai saba faɗa a lokacin lafiya ba, ba zai faɗa a lokacin tsoro ba. Ya jira.

Ban san yadda zan bayyana masa ba. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya taɓa dawowa gida da yatsa a fashe ya zauna ya ci tuwonsa kafin ya nemi magani. A gidanmu namiji ba ya cewa ya gaji, balle ya ce ya kasa. In ka faɗi ka tashi ka kaɗe riga kafin a gani. Da wannan aka raine ni, da shi na yi karatu, da shi na zo ƙasar mutane na zauna a kujerar da ba a saba ganin irinmu a kai ba. Kullum ina ji a raina in na nuna gazawa ba ni kaɗai za a gani ba, za a ce ai dama.

Daga ƙarshe na faɗa, a hankali, ina duban takalmina. Ya ce in ƙara, da ƙarfi. Na ƙara. Muka yi ta yi a zama da yawa, da ƙararrawa a kunne, har kalmomin suka daina maƙalewa a wuya.

Kafin zafi ya kai ƙarshe aka mai da ni tebur. Dattijon ya riga ya koma ƙasarsu. Ranar da na dawo, abokan aiki suka yi ta fara'a fiye da kima, kowa yana kawo mini shayi, na gane labari ya zaga ko da ba a san kalmomin ba.

Abin ya zo wata rana bayan azahar, lokacin da gari ke jan wuta iya ƙarfinsa. Wani babban famfo ya tsaya da gaske, ƙararrawa suka biyo baya. Na ji shi yana tasowa daga cikina kamar yadda ya yi a ɗakin gwaji, ƙirji ya matse, rubutun allo ya fara narkewa. Na ja numfashi na sake. Bai tafi ba. Sai na ji bakina yana cewa da Turanci, kaina ya cika, a karɓi ɓangaren ruwa. Basudane ya maimaita, ya ce ya karɓi ɓangaren ruwa. Shugaban duti ya tabbatar. Na tsaya a kan injin da ya rage mini, na ɗora yatsa a kan kowane maɓalli ina karanta sunansa a fili. Muka daidaita komai. Ko fitila ɗaya ba ta ƙyafta a gari ba.

Da aka lafa shugaban duti ya dafa kafaɗata ya ce na yi daidai, khalas, wato shi ke nan, haka ake so. Na ce na gode ina duban allo. Na san na yi daidai. Amma da na je alwalar la'asar na daɗe a tsugune a gaban famfo, fuskata na zafi, ina jin kamar na tuɓe riga a kasuwa.

Bara manaja ya kira ni ya ce za a ɗauki sababbin ma'aikata, yana so in tsaya a gabansu in ba su labarin abin da ya same ni, don su ji daga bakin wanda ya daɗe a aikin. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Ya sake tambaya bayan wata guda, na ce ina kan tunani. Bai ƙara tambaya ba. Da ranar ta zo wani abokin aikinmu Ba'indiye ne ya tsaya ya ba da nasa labarin, wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Na zauna a kujerar baya har ya gama, na tafa tare da kowa, na fita kafin a fara tambayoyi.

Har yanzu ina tebur. Barci ya dawo, ba kullum ba. A hutun da ya wuce da muka je Zariya, yayana ya tara abokansa a zaure yana nuna ni, yana cewa ga wanda Larabawa suka damƙa wa wutar garinsu, shi ko gezau ba ya yi. Matata tana shigowa da tire ta ji. Ta ajiye, ta zuba wa kowa ruwa, ta fita ba ta dube ni ba. Ni kuma na ce wa yayana ya bar zuga ni haka, na jawo kwano muka fara cin abinci.